Davao: birni mafi faɗi a Filipin da gidan da ke riƙe da shi

Tun da aka kai tsohon shugaban ƙasar Filipin, Rodrigo Duterte, kotun duniya ta ICC a watan Maris na 2025, sunan Davao yake ta fitowa a labarai. To, yau za mu duba ina garin nan yake, su wa ke cikinsa, kuma yaya ake mulkinsa.

Filipin ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Davao, wanda mutanensa ke kira Dabaw, yana can kudancin ƙasar, a bakin teku, kan tsibirin Mindanao. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,443, babu birnin da ya kai shi girman ƙasa a duk Filipin. Amma kada ku ɗauka duka gine-gine ne. Gari sosai yana gefen teku, sauran kuwa gonaki ne da daji da tuddai. Daga kudu maso yamma akwai dutsen Apo mai tsawon mita 2,954, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar. Ruwan sama kusan duk shekara ake yi, shi ya sa ake noman ayaba da kwakwa da koko, da wani ɗan itace mai ƙaya da ƙarfin wari da ake kira duriyan.

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 1,776,949 ke zaune a Davao. Shi ne na uku ke nan, bayan Quezon City da Manila. Mafi yawansu Kiristoci ne ƴan Katolika masu magana da harshen Sebuwano, jikokin waɗanda suka yi ƙaura daga tsibiran tsakiyar ƙasar. Akwai Musulmi da ake kira Moro, akwai kuma ƙabilun asali irin su Bagobo. Kowane watan Agusta ana bikin Kadayawan na godiya kan amfanin gona, inda ƙabilu 11 ke fitowa da kayansu na gargajiya.

Turawan Sifaniya ne suka kafa sansani a wurin a 1848. Daga baya Japanawa suka zo noman abaka, wata ayaba da ake igiya da zarenta kamar yadda muke yi da rama. A 1936 aka yi dokar da ta maida shi birni.

Ta fannin mulki, Davao ba ya ƙarƙashin gwamnan lardi. Jama'a ke zaɓen magajin gari da mataimakinsa da ƴan majalisar birni duk shekara uku. An raba garin zuwa mazaɓu uku na majalisar ƙasa, da ƙananan unguwanni da ƙauyuka 182 da ake kira barangay, kowane da zaɓaɓɓen shugabansa.

Doka ta ce magajin gari ba zai wuce wa'adi uku a jere ba. Amma ku ji yadda abin ya kasance. Duterte ya hau a 1988, ya sauka a 1998, ya dawo a 2001. Da wa'adinsa ya cika a 2010, sai ɗiyarsa Sara ta hau, shi kuma ya zama mataimakinta. Ya sake karɓa a 2013, ya miƙa mata a 2016 da ya ci shugabancin ƙasa. A 2022 Sara ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa, ƙanenta Sebastian ya gaje ta. A zaɓen Mayu na 2025 ma, uban yana tsare a birnin Hague, mutanen Davao suka sake zaɓensa, aikin ya faɗo hannun Sebastian.

Magoya bayan gidan suna cewa su suka kawo tsaro da tsafta, suka hana shan taba a bainar jama'a da wasan wuta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna zargin an kashe ɗaruruwan mutane a garin ba tare da shari'a ba, da sunan yaƙi da ɓarayi da masu ƙwaya. Wannan zargi yana cikin abin da ya kai shi gaban kotun.