Amsoshin Wasiƙunku: Allon da Aka Yi ta Harbi a Jihar Misisifi

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ringim. Ya ce ya ji a labaran duniya wai gwamnatocin jihohi a Amurka suna kashe kuɗin jama'a wajen kafa alluna da gumaka don tunawa da gwagwarmayar baƙaƙen fata. Yana tambaya, shin wannan ba almubazzaranci ba ne, tunda wanda ya mutu ya riga ya mutu?

To malam, Allah Ya saka da alheri. Bari mu ɗauki labari guda ɗaya, kai da kanka ka yanke hukunci.

A watan Agusta na 1955, wani yaro baƙar fata mai shekara 14, sunansa Emmett Till, ya taso daga birnin Shikago ya je hutu wurin danginsa a jihar Misisifi. A lokacin dokar jihar ta raba fari da baƙi a makaranta da asibiti da wurin cin abinci. Yaron ya shiga wani kanti a ƙauyen Money, sai aka ce wai ya yi wa matar mai kantin fito. Bayan 'yan kwanaki, mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J.W. Milam suka je cikin dare suka ɗauke shi, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka harbe shi, suka ɗaure masa ƙarfe a wuya suka jefa shi kogin Tallahatchie.

Da aka kai gawar Shikago, mahaifiyarsa Mamie ta ce kada a rufe akwatin, a bar duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Dubban mutane suka gani, jaridu suka buga hoton. A kotun garin Sumner kuwa, masu taya alƙali yanke hukunci duk farare ne, kuma cikin awa ɗaya da 'yan mintoci suka wanke mutanen nan biyu. A 1956 su da bakinsu suka amsa wa wata mujalla cewa su suka kashe shi, har aka biya su kuɗin hirar, don sun san doka ba ta yarda a sake gurfanar da su ba. Wannan ta'asa tana cikin abubuwan da suka zaburar da baƙaƙen fata. A Disambar 1955 ne Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a birnin Montgomery.

Yanzu ga maganar allo. Sama da shekara 50 babu wata alama a bakin kogin. Sai a 2008 wani kwamitin mutanen yankin, fari da baƙi, ya kafa allo a wurin da aka ce an tsamo gawar. Wasu suka cire shi. Aka kafa na biyu, aka yi masa ruwan harsashi, rami fiye da 300. Aka kafa na uku a 2018, ba a yi wata biyu ba shi ma aka harbe shi. Na huɗu, wanda aka kafa a 2019, na ƙarfe ne da harsashi ba ya hudawa, nauyinsa ya fi buhun masara biyu. Ka ga ke nan malam, da a ce allon nan banza ne, wa zai ɓata harsashinsa a kansa?

Ita gwamnatin jihar ta shigo a makare. A 2011 ta fara kafa alluna a wuraren tarihin gwagwarmayar, na farko kuma a gaban kantin nan na Money aka dasa shi. A Disambar 2017 aka buɗe gidan tarihin 'yancin baƙaƙen fata a Jackson, babban birnin jihar. Shi da wani gidan tarihi da ke maƙwabtaka da shi sun ci wa jihar kimanin dala miliyan 90. A 2022 aka kafa gunkin Emmett Till a garin Greenwood da gudummawar dala 150,000 daga jihar. Sannan a Yulin 2023 Shugaba Joe Biden ya sa kotun Sumner da bakin kogin da cocin da aka yi jana'izar a ƙarƙashin kulawar gwamnatin tarayya.

Masu suka suna da hujja, don Misisifi tana cikin jihohin da suka fi talauci a Amurka, kuma allo ba ya cika ciki. Amma masu goyon baya suna cewa kotun jihar ce ta saki makasan, kuma baƙaƙen fata sun daɗe suna biyan haraji ana kula da gumakan waɗanda suka yi yaƙi don kada a 'yanta bayi. Saboda haka idan jiha ta fitar da kuɗi daga baitulmalinta ta rubuta abin da ya faru, amsa laifi ne a bainar jama'a, kuma ɗan makaranta da ya zo wucewa zai karanta.

Da fatan mun gamsar da kai, malam. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.