Matan Chadi Da Shari'ar Hissene Habre

Yau tarihi zai kai mu maƙwabta, ƙasar Chadi.

Hissene Habre ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990. Yana da 'yan sandan ciki da ake kira DDS, waɗanda in suka ɗauke maigida da daddare, iyali sai dai addu'a. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe. Da aka hamɓarar da shi sai ya tare a Senegal, ya yi zamansa.

To ku ji ta inda aka ɓullo masa. Senegal ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa, sai lauyoyin waɗanda suka tsira suka riƙe ta da wannan alkawari. Sun kai ƙara Dakar a 2000, kotuna suka ce ba huruminsu ba ne. Suka nufi Beljiyam, ita kuma ta kai Senegal gaban Kotun Duniya, wadda a 2012 ta ce ko dai a yi masa shari'a, ko a miƙa shi.

Jagorar lauyoyin nan fa mace ce, Jacqueline Moudeina. A 2001 aka jefa mata gurneti a wani taron mata a Njamena. Ta yi doguwar jinya a Faransa, ta dawo ta ci gaba.

Da aka fara shari'a a 2015, matan da aka kai sansanin soja na Wadi Dum cikin hamada suka faɗi fyaɗen da aka yi musu. Kun dai san nauyin wannan magana a bakin mace, ko a gaban uwarta, balle a gaban alƙalai. Shi kuwa yana zaune cikin farin rawani da baƙin tabarau, ko uffan. Wata ta ce shi da kansa ya yi mata.

Ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017, amma ta cire laifin fyaɗen da ya yi da kansa, don ba ya cikin takardar tuhuma tun farko. Wannan kam ya yi min ciwo.

Ya mutu a 2021. An yanke diyyar sefa biliyan 82, amma sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba biliyan 10, bayan da dama daga cikin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.