Zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta: yadda ake auna shi da hanyoyin kariya a yanayin Jos

An san birnin Jos, hedikwatar Jihar Filato, da sanyi, domin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga saman teku. Wannan ya sa masu amfani da kwamfuta da dama a birnin ke ɗauka cewa na'urorinsu sun tsira daga matsalar ɗaukar zafi da ke addabar takwarorinsu na Sakkwato ko Maiduguri. Sai dai zafin da ke kashe kwamfuta daga cikinta yake tasowa, kuma sanyin gari kaɗai ba ya maganinsa.

Daga ina zafin yake fitowa?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, ita ce ke gudanar da duk lissafin da na'urar ke yi. Wutar lantarkin da take ci tana rikiɗewa zuwa zafi, kuma gwargwadon nauyin aiki, gwargwadon zafin. Akwai wani ƙarfe da aka ɗora a kanta mai zuƙe zafin, sannan fanka ta hura shi waje. Tsakanin furosesar da ƙarfen akwai wani man shafawa mai taimakawa wajen miƙa zafin, wanda kan bushe bayan wasu shekaru.

Me ya bambanta Jos?

Abubuwa biyu ne. Na farko, ƙurar hunturu da ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana taruwa a fanka da ƙofofin iska. Kwamfutar ba ta cika nuna alama a lokacin ba saboda sanyi, sai watannin Maris da Afrilu, lokacin da Jos ta fi zafi, sannan matsalar ta bayyana. Na biyu, iskar kan tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba. A tsayin Jos ta ragu da sama da kashi 10 cikin 100, don haka fanka ba ta kwashe zafi kamar yadda za ta yi a Legas.

Lamarin ya fi shafar masu aiki mai nauyi, kamar masu tace finafinai a birnin da ke ɗauke da Hukumar Finafinai ta Najeriya, da ɗaliban Jami'ar Jos, da cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. A irin waɗannan wurare, mutuwar kwamfuta ana tsakiyar aiki na iya janyo asarar aikin sa'o'i da dama.

Yadda ake auna zafin

Taɓa jikin kwamfuta da hannu ba ya bayar da tabbaci. Furosesoshin zamani na ɗauke da ma'aunin zafi a cikinsu, kuma manhajojin kyauta irin su Core Temp da HWMonitor da HWiNFO na nuna adadin a kan Windows. Ana kuma iya ganinsa a shafin BIOS na yawancin kwamfutocin tebur yayin kunna su.

Idan kwamfuta ba ta wani aiki, zafin kan tsaya tsakanin digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyas. Lokacin aiki mai nauyi kan kai 60 zuwa 85. Yawancin furosesoshin Intel da AMD iyakarsu na tsakanin 95 zuwa 105. Da zarar an kusanci iyakar, furosesar kan rage gudunta da kanta, idan kuma hakan bai wadatar ba sai kwamfutar ta kashe kanta. Saboda haka nauyin aiki ba gaira ba dalili, da ƙarar fanka mara yankewa, da mutuwa kwatsam, duk alamu ne da bai kamata a yi sakaci da su ba.

Matakan kariya

A riƙa ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan tebur ko wani abu mai tauri. Katifa da bargo, waɗanda sanyin Jos kan sa mutane su yi aiki a kansu, suna toshe ƙofofin iska na ƙasa.

A share ƙura aƙalla sau ɗaya a ƙarshen hunturu. A kashe na'urar, a zare ta daga wuta, a riƙe fankar kada ta juya yayin da ake hura mata iska.

Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu, ya sa ƙwararren mai gyara ya sauya mata man shafawar, domin galibi ya riga ya bushe.

A rufe manhajojin da ba a buƙata, kuma kada a bar na'ura a cikin mota ko a rana. Idan batir ya kumbura, a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Yana da kyau a rubuta adadin zafin a watan Disamba, a sake aunawa a Maris ana irin aikin da aka yi a baya. Idan tazarar ta yi yawa fiye da sauyin yanayin ɗakin, lokacin kai kwamfutar wurin mai gyara ya yi.