Amfilifaya mai kwalba: Sabuwa ko ta hannu?

Amfilifayar farko wata ƙaramar na'ura ce da ke karɓar sauti mai rauni daga garmaho ko makirfo, ta ƙara masa ƙarfi, sannan ta miƙa shi ga babbar amfilifaya wadda ke kaɗa sifika.

Iri biyu ce: mai aiki da taransisto, da mai aiki da kwalaben gilashi da ake kira bawul, irin waɗanda ke yin ja kamar garwashi a cikin tsofaffin akwatunan rediyo.

Asalinta

Baturen Ingila John Ambrose Fleming ne ya ƙera kwalbar farko a 1904. A 1906 kuma Lee de Forest na Amurka ya fito da wadda ke iya ƙara ƙarfin sauti.

An ƙirƙiro taransisto a 1947, kuma zuwa shekarun 1970 ya kori kwalba daga galibin kayan sauti na gida, saboda araha da ƙarancin cin wuta.

Sai dai har yanzu akwai masu ganin sautin kwalba ya fi laushi da daɗin ji.

Masana'antun da suka rage suna yin kwalaben ba su da yawa, galibinsu a Rasha da China da Slovakia. Shi ya sa farashinsu ya tashi a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine.

Sabuwa

Sabuwar na'ura tana zuwa da lafiyayyun kayan ciki, wani lokaci har da garanti, kodayake garantin ba ya tsinana komai idan mai sayarwar yana wata ƙasa.

Akwai kuma masu araha da yawa waɗanda taransisto ne ke yin mafi yawan aikin a cikinsu, kwalbar kuwa kusan ado ce.

Ta hannu

Ta hannu takan fi sauƙin kuɗi, kuma wasu tsofaffin suna da ƙwari. Amma shekaru suna cin kayan cikinsu.

Kafasito, wato ɗan abin da ke tara wuta, yana bushewa idan ya tsufa, sai a riƙa jin gurnani a sifika. Kwalba ma tana gajiya, kodayake ƙanana irin su 12AX7 kan yi dubban sa'o'i suna aiki.

Don haka ya kamata mai saye ya sa a kunna ta a gabansa na aƙalla rabin sa'a, ya murɗa kowane maɓalli, ya saurari sifikar dama da ta hagu, ya kuma kula ko akwai ƙaurin ƙuna.

Batun wuta

Ga mazaunin gari irin Basirka, a ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa, wuta da gyara su ne abin dubawa kafin daɗin sauti.

Ƙarfin wutar Najeriya bolt 230 ne, na Amurka 120, na Japan kuwa 100. Duk na'urar da aka yi wa waɗannan ƙasashe biyu, idan aka jona ta kai tsaye, tana iya ƙonewa nan take. Ana rubuta adadin a bayanta, kusa da inda wayar wuta ta shiga.

Hawa da saukar wuta, ko ta layi ce ko ta janareta, suna rage wa kwalba kwana, don haka sitabilaiza na cikin lissafin kuɗin saye. Mai amfani da sola kuma ya sani cewa kwalba tana jan wuta ko da ba a sa komai ba, domin sai ta yi zafi take aiki.

Gyara

Yawancin masu gyaran rediyo a yau a kan taransisto suka koyi sana'a. Idan na'urar ta lalace, mai yiwuwa sai an kai ta Kano, kwalbar kuma a jira ta daga Legas ko ƙasar waje.

Haɗari ne kuma mutum ya buɗe ta da kansa. Wutar cikinta takan kai bolt 250 ko fiye, kuma kafasito na iya riƙe ta bayan an cire soket.

Wanda ya san ƙwararren mai gyara, ta hannu za ta iya yi masa riba. Wanda bai san kowa ba, sabuwa mai bolt 230 ta fi masa kwanciyar hankali.