Tarihin Kamfanin UFA na Jamus

An kafa kamfanin Universum Film, wanda aka fi sani da UFA, a Berlin a watan Disamban 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, bisa shawarar Janar Erich Ludendorff da jarin gwamnati da na Deutsche Bank, domin ya shirya finafinan farfaganda, wato waɗanda ake yi don juya ra'ayin jama'a. Bayan yaƙin, kamfanin ya rikiɗe ya zama cibiyar fasaha a ƙarƙashin furodusa Erich Pommer, kuma a ɗakunan ɗaukar fim na Babelsberg ne darakta Fritz Lang ya shirya fim ɗin Metropolis, wanda ya fito a 1927 bayan ya lashe kuɗin da suka kusa durƙusar da kamfanin. Wannan rauni ne ya ba Alfred Hugenberg, attajirin jaridu mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, damar sayen kamfanin a wannan shekarar, abin da ya sauƙaƙa wa 'yan Nazi aikinsu, domin tun a 1933 kamfanin ya sallami ma'aikatansa Yahudawa, kafin gwamnati ta mallake shi a 1937.

Rabuwar Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta raba gadon UFA, inda Babelsberg ya koma hannun DEFA, kamfanin gwamnatin Jamus ta Gabas, yayin da kamfanin Bertelsmann ya sayi abin da ya rage a yamma a 1964, ya karkatar da sunan zuwa shirye-shiryen talabijin.