Kunnen Marini da Mabugi a Ƙasar Rano

Masana tarihin Hausa Bakwai sun ruwaito cewa Kano da Rano su ne sarakunan baba, kuma duk wanda ya ga tsofaffin karofi a ƙasar Rano da Kibiya zai gane cewa wannan laƙabi yana da hujja. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, sana'ar launi a wannan nahiya, ko da yake ido ne alƙalinta, kunne ma yana da babban rabo a cikinta, domin marini yakan tsoma muciya cikin ruwan baba da toka, ya saurari yadda kumfa ke tashi, ya sansana, kafin ya yanke hukunci ko rini ya nuna. Mabuga kuwa, waɗanda ke zama sahu-sahu gaban gungumen itace suna zuba shuni, suna sauke sandunan bugu bi da bi, da amon duka suke daidaita hannuwansu, har turkuɗi ya ɗauki wannan sheƙin da Buzaye ke ƙetaro Sahara dominsa. Wani matafiyi mai suna Barth, da ya iso Kano a 1851, ya shaida cewa tufafin ƙasar har Tambutu ake kai su.