Ƙasar da aka sa ta biya kuɗin 'yancinta

Jiya a aji wani abokin karatunmu ya ce matsalar Haiti rashin shugabanni nagari ne kawai. Ban tanka ba, amma maganar ta tsaya mini a rai har dare.

Jama'a, ku duba fa. Haiti tana tsibirin da Faransa ta mayar gonakin rake da kofi, bayi daga Afirka ke nomawa. Bayin suka yi tawaye a 1791, suka kori Faransawa, suka ayyana 'yanci a 1804. A 1825 Sarki Charles na 10 ya turo jiragen yaƙi, ya ce sai sun biya faran miliyan 150 diyyar dukiyar da masu gonaki suka rasa. Dukiyar nan kuwa har da su kansu bayin! Shugaba Boyer ya amince, kuma don biyan kason farko sai da ya ci bashi a bankunan Faransa. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma manoman kofi ne suka yi ta biya ta hanyar haraji, shekara da shekaru. Ina kuɗin gina makaranta ko hanya?

Sannan Amurka ta mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934, ta riƙe kwastan da baitulmali.

Ban wanke su Duvalier ba, sun yi ɓarna ƙwarai. Amma lokacin da Duvalier uban ya hau mulki a 1957, an fi shekara 130 ana tatsar ƙasar. Ranar Talata da wannan zan buɗe bakina a aji, in sha Allah.